Dambun da Na Ɓoye a Filo

Unguwar Takur,
Dutse, Jihar Jigawa.
7 ga Nuwamba, 2000.

Zuwa ga jikana, maigidana na nesa, Abdussamad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka, kamar yadda ta bar mu. Allah ya tsare ka a wannan gari na Fatakwal da aka ce ruwan sama ba ya gajiya, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta koma yi mini tsiya, in na durƙusa sai na yi shawara da ita kafin in miƙe. Kawunka Sale ya zo daga Garki ran Juma'a, ya ce gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce dai ta ba su kunya. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu. Takur kuwa in ka zo sai an yi maka jagora, filin da kuke ƙwallo duk ya zama gidajen ma'aikata, teloli kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a ba su ɗaga kai daga ɗinkin hijabi ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma rabinsa hira muka sha.

To, takardarka ta iso ta hannun Jaji direba, na kuma karanta ta sau uku. Ka ce ranka ya ɓaci da abin da na gaya maka, ka ce in an yi hutun ƙaramar Salla za ka zo ka cire ƙanwarka Afra'u daga makarantar kwana, ka mai da ita ta jeka-ka-dawo nan Dutse kusa da ni. Tun da na karanta ban ji daɗin tuwo ba. Maigida, gyara zama, tsohuwar matarka ta yi ɓarna ta zo ta faɗa da bakinta. Abin da na rubuta maka watan jiya, cewa malamai na ƙwace abincin yara a bakin ƙofa, kuma yarinyar ta rame har wuyanta ya yi tsawo, gaskiyar da ke ciki ba ta fi cikin cokali ba. Sauran duk ni na ƙara gishiri. Wuyan nan haka aka haife ta da shi, irin na ubanku ne, Allah ya jiƙansa.

Ka san ni na riƙe Afra'u tun tana shekara biyu, da Allah ya karɓi mahaifiyarku. A bayana ta yi barci har ta shiga sakandare. Yarinyar da ko atishawa za ta yi sai ta kalle ni tukuna. To, a hutun damina sai ta dawo mini da sabuwar magana a baki, wai Malama Mu'minatu ta ce. Malama ta ce a riƙa rufe randa, sai ka ce ni a buɗe nake bari kaji na wanka. Malama ta ce a ninke hijabi gida huɗu. Malama ta ce kanwa in ta yi yawa a miya tana ɓata ciki, miyar da ta sha shekara goma sha huɗu ba ta mutu ba. Wata rana na ɗauki carbi na zauna ina ƙirgawa, daga asuba zuwa azahar ta ambaci matar nan sau goma sha tara. Ni kuwa sau biyu ta kira ni, ɗaya ma tambaya take ina na ajiye ashana. Ban taɓa ganin Malamar ba a lokacin, amma na riga na zana ta a raina: ƙatuwa, mai haƙorin makka, mai kallon mutane ta saman hanci.

Bari in ba ka asalin maganar yadda take, ba yadda na dafa maka ita ba. A makarantarsu Lahadin farko ta kowane wata ce ranar ziyara. Da, in ranar ta zo, motocin manya ne ke jeruwa da kuloli na shinkafa da kaji da katan na madara, mu masu ƙaramin ƙarfi mu sauka daga motar haya da ƙullinmu, kowa ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya ya aika a kira masa 'yarsa. Ni ban taɓa lura da waɗanda ba a zo wa ba, idona na kan bakin jikata. Ashe akwai yara sun fi sittin, 'yan ƙauyukan nesa, waɗanda tun da aka kawo su ba wanda ya sake taka ƙofar. Malama Mu'minatu ce ta lura duk ranar ziyara yara da yawa na cewa suna azumin nafila, su shige ɗakin kwana su kwanta. Ta ce ita ta san azumin Litinin da Alhamis, amma ba ta taɓa jin malamin da ya koyar da azumin Lahadin farkon wata ba. Da ta matsa wa wata yarinya mai suna Hindatu, 'yar masunta daga can bayan Haɗeja, sai yarinyar ta gaya mata gaskiya. Ta ce in mutum ya ce yana azumi ba mai yi masa tayi don tausayi, ba kuma mai kama shi yana kallon kwanon wani.

Daga nan aka kafa kwamiti, ɗalibai shida, malamai huɗu, da Baba Hussaini mai dafa musu abinci. Ƙanwarka na ciki, har ita ce mai yawan baki. Abin da suka yanke shi ne, duk abincin da aka kawo ranar ziyara a karɓa a bakin ƙofa, a juye iri-iri a manyan kwanoni, a raba wa kowa daidai. Malamai su ma su kawo nasu daga gida su bi layi, har shugabar makaranta da farantinta. Manyan aji su daina aiken ƙanana ɗibar ruwa. Sannan duk wanda ya zo ziyara a ƙara masa yarinya ɗaya a tabarmarsa daga cikin waɗanda ba a zo wa ba. An ce matar wani babban mutum da ta ji haka ta mayar da kularta mota ta yi gaba. Da labarin ya zo mini har na yi mata tsaki, ban san nawa na tafe ba.

Ziyarar watan jiya ce ta farko da aka gwada. Ka san dambun nama na, ba sai na yi maka bayani ba, kai da kake lashe leda har ka huda ta. Kwana biyu na yi a kansa, dafawa, dakawa, suya a man gyaɗa da citta da kanumfari da masoro. Ina ji ina gani aka juye shi cikin na mutane, har da wani mai kama da tsohuwar igiyar guga. Jikata, wadda na yi dominta, cokali ɗaya ta samu. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya ƙona ni shi ne yini guda tana bin bayan Malama da ludayi, Malama ta nuna nan ta ruga, ta nuna can ta ruga, zaman da ta yi a tabarmata bai kai na salla raka'a biyu ba. A ranar na ga Malamar. Ashe 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta kai autata ba, a bayan babur mijinta ke kawo ta. Da ƙatuwar nan ce mai haƙorin makka da na fi samun sauƙi. Ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na amsa mata da hanci. Aka ce za a ƙaro mini yarinya, na ce tabarmata ƙarama ce. Tun kafin la'asar na naɗe kayana, Afra'u na cewa in tsaya akwai abin da take so ta nuna mini, na ce ta nuna wa Malama. Ina isowa gida na ɗauki biro na rubuta maka waccan takarda. A raina na ce in ta dawo jeka-ka-dawo, mu ga wanda za a riƙa cewa ya ce.

Shekaranjiya Lahadi aka yi ziyara ta biyu, ni kuma na shirya dabarata. Na yi dambu wanda ya fi na farko, na ƙulle a leda biyu, na farke bakin sabon filo na tura shi can tsakiyar audugar rimi, na ɗinke da hannuna. Na zuba ƙuli-ƙuli a 'yar roba na kwanon jama'a, don kada a ce na zo hannu sake. Niyyata in raɗa wa Afra'u ta farke in ta shiga ɗaki. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne motar Jahun da muke shiga zuwa makarantar. Aka cusa ni gaba kusa da direba inda zafin inji ke bugowa, filo a cinyata, wani mai buhun barkono kuma ya danne mini shi da gwiwar hannu tun daga tasha. Kafin mu isa mai ya narke ya sami hanya, ya yi shati a jikin filon kamar faɗin faifai. Ƙamshi ya cika mota har direba ya tambaya wa ke da biki. Na ce wata ce a baya.

A bakin ƙofa akwai tebur, ga Malama, ga Baba Hussaini, ga yara uku, ta tsakiya jikata. Na rungume filo, ɓangaren man a ƙirjina, na miƙa robar ƙuli-ƙuli ina ta fara'a. Baba Hussaini, tsohon da hancinsa ya shekara talatin a kan tukunya, ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin filon da ya sa shi haɗiyar yawu ba sai yau. Yara suka ƙunshe baki. Afra'u ba ta yi dariya ba. Ta karɓi filon ta juya shi ta dubi ɗinkin, ta san ɗinkina kamar yadda ta san fuskata. Na yi mata kallon nan da nake mata tana ƙarama in baƙi sun zo, wanda ke nufin yi mini shiru. Sai ta sunkuyar da kai, ta ari reza, ta farke. Ta zaro ledar duk auduga ta manne mata, ta juye a kwanon dambu, idonta ya ciko. Ta ce mini ƙasa-ƙasa in yi haƙuri, yanzu-yanzu ta karɓi biskit daga hannun uwar wata 'yar aji ɗaya, in ta bar wannan ya wuce ba za ta iya kallon yarinyar ba. Abdussamad, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, a ce kakarka aka kama da fasa-ƙwauri, kuma jikarta ta kama ta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na juya na kama hanyar titi ina cewa a raina duk aikin mai tabarau ne, ta raba ni da 'yata har ta kai ga sa mata reza a hannu. Gwiwata ce ta ci amanata, dole na zauna a tushen wata darbejiya. Nan Malamar ta cim mini. Ta durƙusa, ta ce ba ta zo ba ni haƙuri ba, ta zo roƙona in ga abu ɗaya, in na gani in tafi in ina so. Ta riƙe mini hannu, ina janyewa tana sake kamawa, har gaban wani ƙaton bahon ƙarfe da ake juye tuwo da shinkafa. An yi rubutu a jikinsa da jan fenti. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga an rubuta Akushin Inna. Na ce wace Innar. Ta ce Inna nawa Afra'u take da su.

Ta ba ni labari cewa kwamitin nan sati uku suka yi suna jayayya. Wasu malamai suka ce a hana kawo abinci gaba ɗaya a huta, yaran manya suka ce a dai riƙa ɗiba kaɗan ana ba marasa shi, Hindatu kuma ta ce in sadaka ce ita gara ta ci gaba da azuminta. Sai Afra'u ta miƙe ta ce a gidan kakarta, lokacin muna Garki, akushi ɗaya ake ajiyewa tsakar gida, jikoki da 'ya'yan maƙwabta da 'yar Fulanin da ke kawo nono duk hannu ɗaya, ba a san mai gida ba balle baƙo, wanda kuma aka kama ya ɓoye nama a kumatu kakar ta murɗe masa kunne. Kai ka fi kowa sanin wannan, kunnenka na dama har yau bai miƙe ba. Daga wannan magana aka ɗauki tsarin duka, shi ne abin da yarinyar ta so nuna mini watan jiya na ƙi tsayawa. Sannan Malamar ta cire tabarau ta goge, ta ce ita fa ta gaji da ni tun ba ta san ni ba. Wai duk abin da ta koyar sai Afra'u ta ɗaga hannu ta ce Inna ta ce ba haka ake yi ba. Wai har ta taɓa zuwa gida ta gaya wa mijinta akwai wata tsohuwa a Takur da ta hana ta sakat a aji. Ka san na ji daɗi har cikin gwiwata. Na so in tambaye ta ko ta ƙirga sau nawa, don in gwada da nawa sha tara, kunya ta hana ni.

Ta ce in na yarda za ta gaya wa yara gwaji ne muka shirya da ita don a ga ko kwamiti zai yi sani-ya-san-ni. Wallahi na so in yarda, har na buɗe baki. Sai na hango Afra'u tsaye bayan baho tana saurare, filon a hannunta kamar an ba ta gawa. Na ce wa Malama a'a, ba gwaji ba ne, satar hanya ce, ni na yi ta da hankalina. Na kira Afra'u na ce ta maimaita wa jama'a hukuncin mai ɓoye nama a gidan Inna. Ta ƙi. Na ture ɗankwali na miƙa mata kunne na ce doka doka ce. Yara sun taru sun fi ɗari, har shugaba da farantinta a hannu. Ta ɗan kama kunnen da yatsu biyu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, tana dariya hawaye na zuba. Baba Hussaini ya ce wannan ba murɗa ba ce, shafa ce, a sake. Na ce shi ya kula da tukunyarsa, tuwonsa na da gudaji tun watan jiya na gani na yi shiru.

Bayan nan aka ƙaro mini yarinya a tabarmar da na ce ƙarama ce, sai ga shi Hindatu ce. Baƙa ce doguwa, mai kunya, sai ta saki jiki ka ji baki kamar rediyo. Ta ci dambun tana tsince auduga, ta ce ko da audugar ya fi na kowa. Ta ba ni labarin yadda kakanta ke gane inda kifi yake da motsin ciyawa, ta matsa mini gwiwa da hannun da ya saba jan taru, na ji sauƙin da ban ji ba tun bara. Na kwance mata kitso na fara sabo, na ce filon nan in an wanke an ɗinke nata ne. Ina yi ina satar kallon jikata. Da farko tana raba abinci tana waiwaye. Can na ga ludayi ya tsaya. Can sai ga ta ta bar Malamarta da baho, ta zo ta kutsa tsakaninmu ta zauna a kan zanena, fuska a murtuke, ta ce ita wata biyu ke nan ban taɓa kanta ba. Na ce ai na ga tana da aiki. Ta ce Inna dai tata ce, ba ta aro ba ce. Na ce ta je ta tambayi kwamiti, duk abin da ya shigo ƙofar nan ranar ziyara na kowa ne, ni ma ta ƙofar na shigo. Har na hau mota tana kumbure-kumbure. Rabon da in yi tafiya mai daɗi irin wannan na manta.

Kada ka ɗauka mun shirya da mai tabarau. Har yanzu ban ga dalilin ninke hijabi gida huɗu ba, kanwa kuma ban rage ko ƙwaya ba. Sannan ga wata sabuwa: an ce alkakin wata Hajiya Kaltumi daga Jahun ya riga dambuna ƙarewa, har yara na tambayar ko za ta dawo. Na ga matar, na ga alkakin, zuma ce kawai ta rufa masa asiri. Wannan magana ba ta mutu ba, sai bayan azumi.

Yanzu ga roƙona, kuma shi ne dalilin takardar. Ka bar Afra'u a makarantarta. In ka riga ka rubuta wa shugaba, ka sake rubuta mata ka ce kakarka ce ta ruɗe ka, za ta gane, ta gan ni da kunne a waje. Yarinyar saura shekara biyu ta gama, kuma in ka cire ta, ba ita kaɗai ka cire ba, akwai sittin da za su koma azumin Lahadi in abin nan ya rushe. Ita ba ta san na rubuta maka komai ba. Filo ta yafe mini, amma wannan ban sani ba ko za ta yafe, ni kuma ba ni da ƙarfin gwadawa. Ka ƙona waccan takarda da hannunka, kada ka ba matarka Shamsiyya ta ajiye, na san ta da adana abin da bai kamata ba. In za ka zo Salla ka zo, amma ka zo da atamfa biyu iri ɗaya, launi ɗaya, kada ɗaya ta fi ɗaya ko da zare, domin na roƙi izini Hindatu a nan za ta yi hutu. Ka kuma ba Jaji masoro da kimba masu yawa, bakin da zan ciyar yanzu ya wuce ɗari huɗu.

Ka gaishe mini da Shamsiyya, ka ce na ji an ce ta fara iya miyar kuka, Allah ya sa gaskiya ne. Ka shafa mini kan ɗanka Sharhabilu, ka gaya masa amaryarsa na nan na jira, ya fi ubansa kyau. Ka gai da abokinka Babagana da ya kawo mini turare bara. Kawunka Sale da mutanen Garki duk suna gaishe ka. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce kakarka, wadda ta murɗe maka kunne aka kuma rama maka,

Inna Tasalla.